Kada Ku Dafa Buhun Da Ya Rage

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Shirin Iri Ɗaya, Ofishin Shiyya, Kalgo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da fatan zafin bazarar nan yana zo muku da sauƙi. Sunana Hauwa'u Bello. Ina koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandaren 'yan mata a Gwandu. Kafin nan na yi wata goma sha ɗaya a ofishinka ina cike fom ɗin manoma. Teburina shi ne na kusa da taga, wanda ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Ba na zaton za ka tuna ni, kuma ba laifi. Muna da yawa, kuma rigar saman da kuka raba mana iri ɗaya ce.

Na rubuto maka sau biyu a cikin ambulan, na zo da ƙafata sau uku. Wannan karon na bar ambulan ɗin, ba don in kunyata kowa ba, sai don lokaci ya ƙure, kuma na lura takardar da jama'a suka gani ta fi saurin isa tebur.

Maganar buhu ɗaya ce. Yana cikin sitonku, kusurwar hagu, bayan kujerun roba da ake fitarwa ranar taro. An ɗaure bakinsa da tsumman shuɗin zane. Shinkafa ce shanshera, wadda ba a casa ba, ja, irin shukar mahaifina, Malam Bello na wajen Wurogauri. A takardar sito an sa buhun cikin kayan abincin bikin rufe shiri, wanda za a yi nan da mako uku. Roƙona kada a dafa shi. Abin da ya biyo baya bayani ne kawai, na jera shi da lamba saboda na san haka ofis ya fi son karatu.

Na ɗaya: sunan irin.

A gidanmu ana kiran shinkafar nan Mai-wuya. Wuyan jiki ake nufi, wanda ke tsakanin kai da kafaɗa. Ana yafa ta a busasshiyar fadama gab da ruwan farko. In kogi ya cika ya hau gona ba ta nutsewa. Kullum ruwa ya ƙaru sai ta ƙara gaɓa, ta miƙa wuya, kanta yana sama. Ina yarinya na ga ana yankar ta daga cikin kwalekwale. Ba ta cika buhu da yawa, ƙwayarta ja ce, tana zubewa in an makara da yanka, kuma masu injin casa ba sa son ta. Duk wannan gaskiya ne. Ban zo in yi mata kwalliya ba.

Ranar da na cike fom ɗin mahaifina, a gurbin sunan iri na rubuta abin da ya faɗa. A baki ba mai rikita wuyan jiki da wuyar sha'ani, domin muryar ta bambanta. A takarda kuwa harufa huɗu ne iri ɗaya. Fom ɗin ya tafi hedikwata, ya faɗa hannun mashawarcin da kuka ɗauko, mutumin da ya iya Hausa daidai gwargwado amma bai taɓa tsayawa a fadama lokacin cikar kogi ba. Bayan wata biyu rahoto ya dawo a takarda mai sheƙi. A ciki an ce manoman da kansu sun shaida wahalar tsohon irin, tunda har suna kiran sa mai wuya. An ja layi a ƙarƙashin jimlar. Kai da kanka ka karanta ta a taron masu unguwanni, aka yi dariya, aka tafa.

Ina zaune a layi na uku. Na gane kuskuren tun kafin ka kai ƙarshen jimlar, kuma ban ɗaga hannu ba. Saura wata huɗu a sabunta kwantiragina, sai na auna, kamar yadda aka koya mini a jami'a, na ga abin da zan rasa in na yi magana ya fi abin da zan samu. Awon daidai ne a ranar. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauka neman wanda zan ɗora wa laifi ya kawo ni. Na san inda rabona yake.

Na biyu: abin da fom ya tambaya.

An koya mana cewa ƙasa tana arziki ne idan hannu ɗaya, a fili ɗaya, cikin lokaci ɗaya, ya fitar da abin da ya fi na jiya. Har yau ina koyar da haka, kuma ban daina yarda da shi ba. Fom ɗinku ma a kan haka aka gina shi. Babban gurbinsa ɗaya ne: buhu nawa gonar ta bayar bara. Bara kawai. Babu inda aka tambayi shekara nawa cikin goma gonar ta ba da wani abu ko kaɗan ne, da shekara nawa aka dawo gida hannu biyu. Babu inda aka tambayi abin da aka saya kafin buhunan su samu.

Baba yana da gona biyu, fadamar Wurogauri da wata 'yar gonar tudu a wajen Dalijan, gadon mahaifiyarmu, inda yake shuka gero da wake. Tsakaninsu sai an shiga mota biyu. Fom ya kira wannan ɓarnar lokaci. Ni ma haka na kira shi, a tsakar gidanmu, da kalmomin da suka fi na fom laushi. Na zana masa a ƙasa da tsinke cewa in ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya, a kan abin da ya fi riba, zai sayi geron da ya fi wanda yake nomawa. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Malama, in tudu ya ƙi fadama na ba mu, in fadama ta ƙi tudu na ba mu. Ban taɓa ganin sun ƙi tare ba." Na ce masa wannan tsoro ne, ba tsari ba.

Ya ba wani ɗan'uwan mahaifiyarmu aron gonar tudun.

Sai daga baya, ina shirya darasin 'yan aji uku, na tarar da maganarsa zaune a littafin darasi, a babin kasada, da Turanci, da zane mai lanƙwasa. Na taɓa cin jarrabawa a kan babin nan da maki mai kyau. Ranar da aka faɗa mini shi da Hausa a bakin rumbu ban gane shi ba.

Na uku: yadda aka karɓi irin.

Sharaɗin shiga shirin a fili yake. Za a ba manomi sabon iri da taki a kan rangwame, kamfanin casa zai sayi amfanin, shi kuma ya miƙa tsohon irinsa gaba ɗaya, domin jar ƙwaya in ta shiga farar shinkafa tana karya mata farashi. Dalilin ba na banza ba ne. Amma kalmar da aka faɗa wa manoma a dandali ita ce ajiya. Ni na riƙe lasifikar, na sani. Ajiya a wurin mutanen nan abu ne da ake komawa a karɓa. Da na duba takardar daga baya, abin da ke ciki shi ne "an karɓa". Ba a rubuta sai yaushe ba.

Baba ya so ya rage tukunya ɗaya. A ɗakin Inna take, mahaifiyarmu, wadda ita ke zaɓen iri kowace kaka har ta rasu. Tun bayanta bakin tukunyar a rufe yake da shuɗin zanenta. Na ce masa masu duba gonaki za su zagayo, kuma in suka ga jar zangarniya ɗaya za a soke rukunin unguwarsu gaba ɗaya. Haka aka gaya mana mu faɗa. Baba ba ya jawo wa maƙwabta asara. Da hannunsa ya juye tukunyar cikin buhun. Buhun ya cika har ya ƙi ɗinkuwa, sai ya yagi gefen zanen ya ɗaure bakin da shi. Ni na rubuta sunansa a jiki. Rubutun na nan, bai goge ba.

Na huɗu: shekara mai kyau, da abin da ya biyo ta.

Daminar farko ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Buhuna suka cika zaure har aka shigar da wasu ɗakin Inna. Baba ya sake rufin ɗakinsa da kwano. Kuka zo da mai hoto, aka sa shi ya rungumi dami yana murmushi, kuma hoton na nan a allon bakin ofishinku, a ƙarƙashinsa an rubuta manomi abin koyi. Na yi alfahari a lokacin. Ina iya tuna cewa na yi, ko da yake yanzu ba na iya tuna yadda abin yake a ƙirji.

Abin da ba mu gaya masa ba, don mu ma ba mu tsaya mun duba ba, shi ne sabon irin yana da ciki. Yana cin taki, yana shan maganin feshi, in ruwa ya ɗauke kwana biyu yana neman fetur a injin ban-ruwa. Farashin duk waɗannan dala yake bi. Mai-wuya ba ta san dala ba. Abincinta ruwa ne da laka da kogi ke kawowa kyauta.

Mun kuma ba shi shawara ya daina tara hatsi, ya sayar ya ajiye kuɗi. Ni na ce masa hatsin rumbu dukiya ce mai barci. Ya sayar da kaka, ya ajiye. Kafin damina ta zagayo naira ta sauka, rangwamen shekarar farko ya ƙare, kuɗin da ya ajiye suka kasa sayen takin da suka saya bara. Dukiyar da ke barci a rumbu takan farka yadda ta kwanta. Wadda muka tashe ta muka mai da ita takarda ta rame tana zaune, ba wanda ya taɓa ta.

Na san dalilin da ya sa masu tsara kuɗin ƙasa ke ƙara kuɗin ruwa idan farashi ya yi ta hawa. Ina zana wa yara shi a allo, kuma ba ni da ƙara a kansu a wannan takarda. Ƙarata a kan shirinku ce. Kun sami mutumin da gonarsa ke nesa da teburin masu tsara kuɗin nan, kuka ɗaure ta a ƙafar teburin, yadda duk wanda ya motsa a can sai an ji a Wurogauri, kuma ba a tanadi gurbin wannan a fom ba.

Na biyar: ruwan.

Ya zo a damina ta biyu. Ba ma irin wanda ake ba jikoki labari ba ne. Matsakaicin cikar kogi ne, irin wanda Mai-wuya ke ɗauka kamar gaisuwa. Sabon irin gajere ne, don haka aka ƙirƙire shi, don ƙarfinsa ya tafi ƙwaya maimakon kara. Ruwa ya rufe shi kwana tara.

Na taso daga Gwandu na sami Baba a bakin fadama. Ruwan a shimfiɗe yake, sumul, ba abin da ya leƙo. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, kuka ko fushi ko kunya. Abin da na lura da shi kawai takalmina ya jiƙe. Baba ya ce, "Da ita ce, da yanzu muna ganin kanta." Sai ya juya ya tafi sallar la'asar. Bai sake ta da maganar ba har yau. Gero babu, tunda tudun na hannun wani. Wannan shekarar ya ga sun ƙi tare.

Bayan kwanaki aka faɗa a rediyo cewa an sake ƙara kuɗin ruwa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ashe ruwa ma an ƙara mai kuɗi. Mu dai kyauta anka kawo muna shi." Barkwancin da ya yi ke nan a shekarar gaba ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai jira ba.

Rahotonku ya kira ambaliyar abin da ba a zata ba. Ranka ya daɗe, kogin ya riga ofishin zuwa. Kasada ba ita ce abin da ba wanda ya san zai faru ba. Ita ce abin da kowa ya san zai faru, ranar ce kawai ba a sani ba. Kuma ba ta ɓacewa don an daina rubuta ta, wuri take sauyawa. Kamfanin casa ya sayo shinkafarsa a wata shiyya. Mashawarci ya karɓi hakkinsa tun tuni. Shirin ya riga ya cika alƙawarinsa da buhunan shekarar farko. Kasadar duka ta gangara ta zauna a kan wanda ya fi kowa ƙarancin wurin ajiye ta.

Waɗanda suka ɓoye ɗan tsohon iri a lokacin karɓa, ba su ji maganata ba, sun cinye shi a watannin da suka biyo baya. Ba na ganin laifinsu. Na tambaya a kasuwar Kalgo, na tambaya a Gwandu, na aika wa matan da ke turara shinkafa a ƙauyukan bakin kogi. Ban ce Mai-wuya ta ƙare a duniya ba, ban san duniya ba. Ta ƙare a iyakar inda ƙafata da albashina suka iya kai ni.

Na shida: abincin rana.

Da rani kuka shirya taron bita a kan yadda manomi zai kare kansa daga kasada. An gayyaci malaman makaranta, na zo. Ba zan ce kuɗin mota ba su cikin abin da ya kawo ni ba. Aka kunna majigi. Sabon mashawarci ya nuna mana cewa ya kamata manoma su riƙa shuka iri daban-daban a wurare daban-daban, su kuma nemi irin da ke jure ambaliya. Na rubuta a littafin da kuka raba. Rubutuna yana da kyau.

Bayan azahar aka kawo dafa-duka a robobi. Shinkafar ja ce. Cokali na farko na gane ta, da ɗan taurin nan nata a haƙori da ƙamshin da ke tsayawa a maƙogwaro. Malamar da ke kusa da ni ta ce ai ta gargajiya ta fi lafiya, likitoci ma ita suke cewa a ci. Na je wajen mai abincin na yaba mata, na tambaye ta inda take saye. Ta ce, "Saye kuma, Hajiya? Ai daga sito ake auno muna, buhu-buhu, mu kai inji a casa. Tun bara muke cin ta a kowane taro. Saura ɗaya ma, an ce a bar shi sai biki."

Na koma kujerata na cinye. Tas na cinye, ranka ya daɗe. A gida an koya mana ba a zubar da abinci, a jami'a kuma an koya mana cewa abin da ya riga ya salwanta ba ya shiga shawarar gobe. Ranar ce kawai na ga tarbiyyata biyu sun yarda da juna.

Daga nan na zagaya sito. Kada a tuhumi kowa da buɗe mini, kwadon ƙofar ya lalace tun ina aiki a wurin, turawa kawai ake yi. Kada kuma a tuhumi mai abincin. Abin da aka auna mata ta dafa, kuma ta dafa shi da kyau. Na ga buhunan wofi a ninke a gefe, da sunayen mutanen da na sani, da rubutun hannuna. A kusurwa na ga shuɗin tsumman.

Na san yadda abin ya faru, kuma babu mugunta a ciki. Wani ya ga buhunan da ba su da amfani a takarda, ya ga kuɗin abincin taro suna ta hawa, ya haɗa biyun ya yi tsimi. A ofis irin namu ana yaba wa mutum a kan haka. Da ina nan, wataƙila ni zan kawo shawarar.

Na bakwai: amsoshin ofis.

Zuwana na farko an ce kana taro. Na biyu, jami'in da na samu ya ce buhun kayan shiri ne, yanzu yana ƙarƙashin babin abinci, kuma ba a fitar da kaya daga babi zuwa babi sai da izinin hedikwata. Na ce zan kawo buhu biyu na farar shinkafa gyararriya, irinku, a madadinsa. Ya ce tayin yana da kyau, amma babu fom ɗin karɓar kaya daga wanda ba ɗan kwangila ba. Ya ba ni ruwan leda. Mutumin kirki ne.

Zuwana na uku aka yi mini tayin kuɗi: farashin buhun shanshera na shekarar da aka karɓe shi, za a biya in an amince. Ba sai na tsaya bayanin abin da kuɗin wancan lokacin za su saya yau ba, kai ma kana aike kasuwa. Matsalar ta wuce nan. Kuɗi alƙawari ne cewa akwai wani abu a kasuwa da za a ba ka in ka miƙa su. In abin ba ya kowace kasuwa, takardar alƙawarin babu ce, ko nawa aka rubuta a kanta.

Kuma farashin da aka sa na abinci ne. Darasin farko da nake yi wa 'yan aji ɗaya shi ne bambancin abin da ake ci da abin da ake shukawa. Na farko ya ƙare a yau, na biyu shi ne jari. A ido ƙwayar ɗaya ce, shi ya sa ake ɗaure bakin ɗayan da tsumma na daban. Yaran ba sa faɗuwa wannan tambayar.

Na takwas: lokaci.

Ɓera ya huda gindin buhun. Ta wurin na ɗebi cikin tafin hannu na ƙulle a bakin mayafina. In sata ce a rubuta, ga sunana a ƙasa. Na jera ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a taga. Bakwai suka tsiro. A zamanin Inna da wuya ɗaya ta ƙi. Irin yana shiga shekararsa ta uku a sito mai rufin kwano, kuma kowane watan zafi yana kashe wani abu a ciki. Ko ba a dafa shi ba, jira kaɗai zai gama da shi. Baɗi ba na zaton ko bakwai ɗin za a samu. Su bakwai ɗin na dasa su a tsohon baho a bayan aji. Ba su isa gona ba, ba su isa ko kunya ɗaya ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. Ana yafa Mai-wuya ne kafin ruwa ya zauna. Mako ukun da ya rage wa bikinku kusan shi ne abin da ya rage wa shukar.

Makon jiya katin gayyata ya isa Wurogauri. Za a ba Malam Bello satifiket a matsayinsa na manomi abin koyi. Ya ba da babbar rigarsa a wanke a buge. Ya kuma share fadamar tas, ya ƙone ciyawa, ko da yake ba shi da abin zubawa a ciki. Ya ce gajeren ba zai sake shiga wurin ba, kuma ba a barin gona ta zama daji. Kullum da safe yana zuwa ya duba ta.

Ban gaya masa akwai buhun ba. Ba na so in sa masa rai a kan abin da ke ƙarƙashin babin abinci. Ba ya karanta boko, saboda haka takardar nan ba za ta same shi ba sai in wani ya karanta masa, kuma ina roƙon mutanen garinmu kada su yi. Har yanzu Malama yake kira na, da muryar da yake kira na da ita tun ranar da na gama jami'a. Na sha kasa kunne ko zan ji ta sauya. Ba ta sauya ba.

Ga abin da nake roƙo.

A cire buhun daga jerin kayan abinci, a miƙa shi ga Malam Bello a gaban mai unguwarsu cikin makon nan. Ba shi kaɗai zai shuka ba. Za a raba kwano-kwano ga waɗanda aka cinye nasu a taruka, don in gona ɗaya ta ƙi wata ta ba da. Wannan shawarar mashawarcinku ce, tana cikin littafina.

Buhu biyun farar shinkafa suna nan. Zan kawo su bakin ƙofar ofis in ajiye in tafi, ba na neman rasit. A ɗauka tsintuwa aka yi. Baƙinku ba za su kwana da yunwa ba, kuma manyan baƙi sun fi son fara.

A gyara jimla ɗaya a rahoton kafin a rufe shirin, tunda wasu za su karanta shi su gina wani shirin a kai. A rubuta cewa wuyan jiki ake nufi. In ana buƙatar wanda zai sa hannu cewa shi ya yi shiru, zan sa.

In za ku sake buga fom, a ƙara gurbi ɗaya, ko ƙarami ne, da zai tambayi manomi abin da ke ba shi a shekarar da komai ya ƙi.

In kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, in hedikwata ba ta amsa ba kuma babin abinci ya ƙi buɗuwa, to ina da roƙo na ƙarshe, wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Ranar bikin, kada a ajiye robar a gaban Baba. A ba shi burodi da lemo, a ce ta ƙare. Zai gane ta tun daga ƙamshi, kafin a buɗe murfi. Kuma zai cinye, ya yi hamdala, ya tashi ya gode muku, domin haka yake. Ba na jin abubuwa da yawa a 'yan kwanakin nan, amma wannan ba na so in zauna a layi na uku in kalla. Tsumman kuma a ajiye mini shi wurin mai gadi. Kada a wanke.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikin nan cikin mutunci, ya ɗaukaka ka zuwa inda ya fi nan. Allah ya tsare maka abin da ka ajiye, ya sa ka same shi yadda ka bar shi. In ka tashi karanta wata jimla a gaban jama'a, Allah ya haɗa ka da ma'aikaciyar da za ta ɗaga hannu.

Wassalam.

Hauwa'u Bello,
Gwandu.